Haƙƙin Kifin Ado Bayan Jinya da Rashi

Kifin ado da ake ajiye wa yaro a akwatin gilashi yana cikin dabbobin da rayuwarsu ta rataya kacokan a wuyan mutum. Kazar da aka bai wa yaro tana iya yin tono a bayan ɗaki idan an manta da ita, tantabara ta tashi kiwo ta dawo, akuya kuma ta yi ta kuka har wani ya gaji ya miƙa mata harawa. Kifi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi. Ruwan da yake numfashi a ciki shi ne wanda yake kashi a ciki, ba ya iya fita daga cikinsa, ba shi kuma da muryar da zai kai ƙara. Shi ya sa tambayar wanda alhakinsa ke kansa take yin nauyi a ranar da gida ya rikice: yaro ya kwanta jinya, ko kifin ya mutu a gaban idon yaro, ko kuma, wanda ya fi kowanne ɗaci, yaron ya rasu ya bar kifin da rai. Idan aka auna ta da ran ɗan Adam ƙaramar tambaya ce, amma tana da hukunci a fiƙihu, masana falsafa sun tattauna irinta, kuma iyaye da yawa sun tsinci kansu a gabanta ba tare da shiri ba.

Kiwon kifi don kallo tsohuwar al'ada ce. A ƙasar Sin, fiye da shekara dubu da suka wuce, aka fara ware jajaye da masu ruwan ɗorawa daga cikin wani kifin kogi mai launin toka, har aka samu kifin zinare da aka sani a yau. Akwatin gilashi kuwa ya bazu ne daga Ingila: a 1853 gidan ajiye namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, a 1854 kuma littafin Philip Henry Gosse ya sa iyalai suka shiga ajiye kifi a ɗakunansu. Yanzu ana ganin irin wannan akwati a ofisoshi da ɗakunan jira da gidaje a manyan biranen duniya, har da na ƙasar Hausa.

Malaman Musulunci da suka halatta ajiye dabba don yaro ya yi wasa da ita sun fi dogara da hadisin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik ta wajen uwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito. Yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da shi cikin damuwa, ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Ibnul Ƙass, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 335 bayan Hijira, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan wannan hadisi inda ya fitar da fa'idoji kusan sittin, Ibnu Hajar kuma ya taƙaita su a Fathul Bari ya ƙara nasa. Daga cikinsu akwai halaccin iyaye su kashe kuɗi kan abin da yaro zai yi wasa da shi, da halaccin tsare tsuntsu a keji matuƙar ana ciyar da shi. Ba kowa ya saki jiki da wannan ba. A cikin Malikiyya da Hambaliyya akwai waɗanda suka ƙyamaci a kama mai rai a tsare shi don kallo kawai. Ko waɗanda suka halatta, sun ɗaure halaccin da wani hadisin da ya fi tsoratarwa, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Laifin matar ya ginu ne kan abu biyu a haɗe, tsarewa da sakaci. Mai kifin ado ya riga ya aikata na farkon tun ranar da ya zuba kifi a gilashi, abin da ya rage tsakaninsa da laifi shi ne kada na biyun ya biyo baya.

A baki ana cewa kifin na yaro ne, kuma a dukiyance hakan na iya zama gaskiya idan an mallaka masa shi kyauta. Amma yaro ba mukallafi ba ne, shari'a ba ta ɗora masa zunubin abin da ya gaza ba. Alhakin yana kan babban da ya sayo kifin ko ya yarda aka shigo da shi gidan. Uban da ya ce wa ɗansa ɗan shekara shida kula da kifi aikinsa ne ya yi daidai ta fuskar tarbiyya, sai dai wannan magana ba ta sauke masa nauyi a gaban Allah. A Mukhtasar na Halil, littafin da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, ciyar da dabbar da ba ta da wurin kiwo wajibi ne kan mai ita, idan ya ƙi ko ya gaza sai a raba shi da ita ta hanyar sayarwa. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 660 bayan Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a Ƙawa'idul Ahkam, ya kuma bayyana cewa ciyarwar ba ta faɗuwa ko da dabbar ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin batun baki ɗaya. An sayo kifin ne don ya faranta ran yaro, amma haƙƙinsa bai dogara da ci gaban wannan amfani ba. Yaro ya gaji da shi, ko ya yi nisa da shi a gadon asibiti, ko ya bar duniya, kifin yana nan da yunwarsa da buƙatar ruwa mai tsabta kamar jiya.

Akwai masu ganin cewa kifi bai kai a damu da shi haka ba, domin ba ya jin zafi kamar kare ko rago. An daɗe ana wannan muhawara. Jeremy Bentham ya kafa hujja a 1789 cewa ma'aunin haƙƙin dabba shi ne ko tana iya shan wahala, ba ko tana iya tunani ko magana ba. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Edinbara suka gano jijiyoyin jin cutarwa a fuska da leɓen wani kifin ruwan sanyi, suka kuma ga ya daina cin abinci yana goga leɓensa a tsakuwa bayan an sa masa abu mai zafi. Wasu masana, irin su James Rose da Brian Key, sun musa, suna cewa ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke mayar da wannan saƙo zuwa raɗaɗin da ake ji. Ba a rufe babin ba, ko da yake ra'ayin cewa kifi na wahala ya ƙara ƙarfi. An kuma tabbatar cewa kifin zinare yana riƙe abin da ya koya har tsawon watanni, saɓanin tatsuniyar da ke cewa yana mantuwa cikin daƙiƙu. Ga mumini, saɓanin masana ba ya canza hukunci sosai. Alƙur'ani a Suratul An'am ya bayyana dabbobi a matsayin al'ummomi kamar mutane, hadisin mutumin da ya shayar da kare kuma ya nuna akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Inda ake shakkar ko abu yana jin zafi, kuma kare shi daga zafin ba ya cin kuɗi mai yawa, hankali da tsoron Allah duka suna karkata ga kiyayewa. Shirun kifi ba shaida ba ce ta cewa lafiya yake.

Kyakkyawar niyya ba ta isa a nan, sai da sanin yadda akwatin yake aiki. Kifi yana fitar da amoniya ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai da kuma ta kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta, kuma ko kaɗan ce guba ce gare shi. Abin da ke ceton sa wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zaune a soson matatar ruwa da cikin tsakuwa. Su ke mayar da amoniya zuwa naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. A sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da zai wadatar. Naitiret ɗin kuma ana rage ta ne da canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a kowane mako. Wanda bai san wannan ba, idan ya zo taimako, yakan kwashe kifin ya zubar da ruwan duka, ya wanke soso da tsakuwa da sabulu ko ruwan famfo mai kulorin, ya ga akwatin yana ƙyalli, bayan kwana biyu kifin ya mutu. Ya kashe ƙwayoyin da ke tsare ruwan bai sani ba. Soson matata ana matse shi ne a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin, sabon ruwa kuma a cire masa kulorin da maganin da ake ɗigawa, a bar shi ya daidaita da ɗumin na ciki kafin a zuba.

A lokacin jinyar yaro, abin da ya fi kashe kifi ba yunwa ba ce. Baligin kifi mai lafiya yana jure kwanaki da dama, har kusan mako, ba tare da abinci ba. Yawan ciyarwa ne ke halaka shi: kaka ta barbaɗa, ƙani ya barbaɗa, maƙwabciyar da ta leƙo dubiya ita ma ta barbaɗa, kowa don tausayi, abincin ya nutse ya ruɓe. Ma'aunin shi ne abin da kifin zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a hannun mutum ɗaya. A wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa akwai ƙarin haɗari, domin idan injin iska da matata suka tsaya na sa'o'i masu yawa iskar oksijin takan ragu, musamman a bazara, tun da ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Ganin kifi a saman ruwa yana buɗe baki alama ce ta haka, kuma ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama yana taimakawa kafin wuta ta dawo. Da hunturu matsalar takan juya, kifayen ƙasashe masu zafi da ke son digiri 24 zuwa 27 sukan raunana da sanyin dare, cutar fararen ɗigo ta kama su.

Babu malamin da zai ce uwa ta bar ɗanta a gadon asibiti ta koma gida don kifi. Ran mutum yana gaba, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma gabatar da wani haƙƙi ba ya nufin soke ɗayan. Abin da ake nema daga iyayen da jinya ta ɗauke wa hankali kaɗan ne: su tuna akwai mai rai a gidan, su wakilta mutum ɗaya, su gaya masa yawan abincin da ranar canza ruwa. Idan jinyar ta yi tsawo, a kai akwatin gidan ɗan'uwa. Wanda ya yi wannan sannan kifin ya mutu, babu laifi a kansa. Dangin da ke tambayar abin da za su taimaka da shi ma ya dace su san cewa ɗauke wa iyaye wannan ƙaramin nauyi dubiya ce ta gaske, domin yaro mara lafiya yakan tambayi kifinsa, kuma amsar gaskiya mai daɗi tana ƙara masa ƙarfin zuciya. Idan ya dawo gida da raunin garkuwar jiki, kamar mai shan maganin sankara, kallo da barbaɗa abinci ba su da illa, amma kada ya sa hannu a ruwan ko ya wanke akwatin, domin akwai ƙwayoyin cuta a ciki da ke shiga ta ƙujewar fata.

Idan kifin ne ya kamu da ciwo, ƙa'idar Izzuddin ta shafe shi kai tsaye. Araharsa ba ta zama uzurin barinsa ya ruɓe da rai. Yawancin cututtukan kifin ado daga lalacewar ruwa suke farawa, don haka gyaran ruwa shi ne maganin farko. Idan an fid da rai da shi kuma yana ta wahala, Halil ya halatta a gaggauta wa dabbar da aka yanke ƙauna da ita mutuwa don a hutar da ita, masu kiwon kifi kuma sukan yi amfani da man kanumfari a cikin ruwa, wanda ke sa kifin ya suma kafin ya mutu. Jefa shi da rai a masai ko a kwata azabtarwa ce.

Mutuwar kifi sau da yawa ita ce mutuwa ta farko da yaro ke gani da idonsa, kuma a nan ne manya suka fi yin kuskure iri biyu. Na farko shi ne raini. A ce masa don Allah ya yi shiru, kifi ne fa, ga irinsa nan ana soyawa a bakin titi. Hadisin Abu Umair ya isa raddi ga wannan. Shugaban al'umma, da duk abin da ke kansa, ya lura da damuwar yaro ƙarami kan ɗan tsuntsu, bai ce masa ya daina ba, ya buɗe masa ƙofar magana. Kuskure na biyu ya fi kama da tausayi: a ɓoye gawar, a sayo mai kama da shi a sa a gurbinsa, ko a ce barci yake yi, ko ya tafi kogi wajen iyayensa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata uwa ta kira ɗanta da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Idan ƙarya kan ƙaramar kyauta tana da wannan matsayi, ƙarya kan mutuwa ba ta fi ta sauƙi ba. Masu nazarin tunanin yara sun nuna cewa galibi tsakanin shekara biyar zuwa bakwai yaro ke fahimtar cewa mutuwa ba ta da dawowa, cewa jiki yana daina aiki, kuma tana kan kowane mai rai. Yaron da aka gaya wa barci ne yana iya fara tsoron kwanciya. Yaron da shi kansa ya tashi daga ciwo yana iya ɗaukar cewa duk wanda ya yi rashin lafiya mutuwa zai yi, sai an bambance masa tsakanin ciwon da ake warkewa da wanda ba a warkewa.

Tambayar da ta fi cin ran yaro ita ce: “Umma, ni na kashe shi?” Idan kifin ya mutu yana asibiti, sai ya ga don ya tafi ya bar shi ne. Idan yawan abinci ne sanadi, gaskiya ba ta buƙatar a ɗora masa laifi. Ana iya ce masa ajalinsa ne ya zo, kowa ya yi iya saninsa, yanzu kuma an koyi cewa abinci kaɗan ya fi masa. Imani da ƙaddara bai hana duba sanadi ba, shi ya sa babba ya kamata ya bincika abin da ya faru da ruwan kafin a sayo wani kifin, kuma kada a yi gaggawar sayowa kafin yaron ya nema da bakinsa. Tambaya ta biyu ita ce ko kifin zai shiga Aljanna. Abin da ya tabbata a hadisin Muslim shi ne za a tara dabbobi a yi sakayya tsakaninsu, har tunkiya mara ƙaho ta karɓi haƙƙinta daga mai ƙaho, malaman tafsiri da yawa kuma sun ce daga nan sai su zama turɓaya. Alƙur'ani kuma ya yi alkawarin cewa 'yan Aljanna za su samu abin da ransu ke so. Uba yana iya gaya wa ɗansa waɗannan biyun ba tare da ya yanke hukuncin da ba shi da nassi ba: Allah ba ya zaluntar ko kifi, kuma ba wanda zai nemi abu a Aljanna ya rasa. Gawar kifi tsarkakakkiya ce, kamar yadda hadisin Muwaɗɗa kan ruwan teku da mushensa ya nuna. Ba a yi mata wanka ko salla, amma babu laifi a haƙa rami a binne ta yaro yana gani.

Mafi nauyin sashen batun shi ne inda yaron ya rasu. Ibnu Hajar ya bayyana cewa ɗan Ummu Sulaim da Abu Ɗalha wanda ya rasu yana ƙarami shi ne wannan Abu Umair ɗin mai tsuntsu. Yaron ya yi jinya ya cika mahaifinsa ba ya gida, da Abu Ɗalha ya dawo Ummu Sulaim ta sanar da shi ta hanyar tambaya kan mutanen da aka bai wa aro sannan masu abu suka nemi abinsu, ko suna da ikon hanawa. A wannan gida ɗaya aka ga baƙin cikin yaro kan dabbarsa da baƙin cikin iyaye kan yaron, kuma ba a hana ko ɗaya ba. Annabi da kansa ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya bayyana cewa hawaye rahama ne, abin kiyayewa shi ne harshe kada ya furta abin da Allah ba ya so.

Bayan kwana uku na zaman makoki, masu ta'aziyya sun yi addu'ar Allah ya sa mai ceto ne sun watse, iyaye sukan rage da kayan yaron. Tufafi ana iya ninkewa a ajiye ko a bayar, littattafai su jira shekara. Kifi ne kaɗai abin da ya bari da ba ya jira. A shari'a akwatin da abin da ke ciki sun koma hannun magada, nauyin ciyarwa kuma ya bi su. Tsawon wannan nauyi ya danganta da irin kifin: ƙananan kifaye masu launi da yawa sukan yi shekara biyu zuwa huɗu, kifin zinare kuwa yana kai shekara goma zuwa goma sha biyar idan ya samu fili da ruwa mai kyau, an ma samu wani mai suna Tish a Ingila da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. Ma'ana kifin na iya zama a gidan fiye da shekarun da yaron ya yi a duniya.

Iyaye da yawa suna samun sauƙi a wannan hidima, kuma babu dalilin addini da zai sa a hana su. A da masu ilimin halayyar ɗan Adam sun fi karkata ga cewa warkewa daga rashi ita ce yanke alaƙa da mamaci, amma tun daga littafin Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman na 1996 aka yarda cewa ci gaba da alaƙa ta hanyar tunawa da riƙe abin da mamacin ya so halin lafiyayyen mutum ne. Sunna ta riga ta nuna haka, domin Annabi ya ci gaba da aika nama ga ƙawayen Khadija shekaru bayan rasuwarta. Uwar da ke ciyar da kifin ɗanta kowace safiya tana cika alkawarin da yaron bai samu ikon cikawa ba, tana kuma samun ladan kyautata wa mai rai. A gidajen da kunya da kara suke hana uwa nuna baƙin ciki a fili, musamman kan ɗan fari, irin wannan aiki yakan zama kafar da zuciya ke numfasawa ba tare da magana ba. Bai dace surukai ko maƙwabta su kira shi rashin tawakkali ba. Ƙannen mamacin ma, waɗanda ake yawan mantawa da nasu rashin, suna amfana idan aka sa su cikin aikin gwargwadon shekarunsu.

Iyakar da ya wajaba a kiyaye ita ce kifin ba yaron ba ne. Ba ruhinsa a ciki, ba ya kai masa saƙo, kuma rayuwarsa ko mutuwarsa ba alama ba ce ta halin da yaron ke ciki a wurin Ubangijinsa. Nassosi sun riga sun yi bushara ga 'ya'yan muminai da suka rasu kafin balaga, da kuma iyayen da suka yi haƙuri. Wannan iyaka tana kare aƙida, tana kuma kare kifin. Wanda ya ɗauke shi a madadin ɗansa yakan cika shi da abinci, ya riƙa canza ruwa kullum, ya zuba magani babu ciwo, har ƙauna ta kashe shi. Kula da shi daidai tana nufin a dube shi a matsayin kifi, da buƙatun kifi. Ya kamata kuma iyaye su san tun da wuri cewa zai mutu wata rana ko da sun yi komai daidai, kuma ranar tana iya tayar da tsohon miki fiye da yadda suke zato. Kukan wannan rana na yaron ne, ba abin kunya ba ne, ba kuma shaidar sun ci amanarsa ba ce.

Akwai kuma waɗanda ba sa iya ko kallon akwatin. Ƙarar injin iska da dare tana tuna musu ɗakin asibiti, ganin kifin yana motsi alhali mai shi yana kabari yana tayar musu da wani ɗaci da su kansu suke tsoro. Ba a zarginsu, ba a kuma tilasta musu riƙewa da sunan haƙuri. Hukuncin Halil na raba dabba da wanda ya gaza kula da ita ya zama sauƙi gare su: su bayar da shi ga wanda ya iya, abokin yaron, ko makarantarsa, ko su mayar wa mai sayarwa. Abin da bai halatta ba shi ne a rufe ɗakin a kashe wutar a bar ruwan ya ƙafe. Sakin kifin a kogi ko tafki ma ba mafita ba ne, ko da yake yana kama da 'yantarwa. Kifayen ado da yawa sukan mutu a baƙon ruwa, waɗanda suka rayu kuma sukan zama annoba. A kogin Vasse na yammacin Ostireliya kifayen zinaren da aka saka sun girma har kusan kilo biyu, suna tone gindin ciyayi suna cin ƙwan kifayen wurin.

Idan za a miƙa akwatin, ana sa kifin a leda ko bokiti mai murfi da ruwansa na asali, a tafi da soson matata a jiƙe cikin wannan ruwa don kada ƙwayoyinsa su mutu, a kwashe ruwan akwatin kafin a ɗaga shi domin gilashi ba ya jure a ɗauke shi cike. Ana gaya wa sabon mai shi irin abincin da kifin ya saba da yawansa, sannan a rage ciyarwa a kwanakin farko har ruwan ya daidaita. Idan akwai ƙannen mamacin a gidan, a sanar da su kafin ranar, a bar su su raka kifin, kuma inda ya yiwu a zaɓi gidan da za su iya zuwa su gan shi.